Zanin Anko a Tsakiyar Nilu

Na tsufa, kuma abubuwa da yawa sun zube mini daga kai. Akwai garuruwan da na kwana a cikinsu waɗanda yanzu sai na yi da gaske nake tuna sunansu, akwai harsunan da na yi ciniki da su waɗanda yau gaisuwa kaɗai ta rage mini. Amma abin da ya faru a kan Kogin Nilu, a tsakiyar birnin Alƙahira, can ƙarshen shekarun casa'in, shi kam har ƙasa ta rufe idona ba zan manta da shi ba. Har yau idan na ga mata sun fito cikin anko, sai in ji ƙarnin ruwan kogin nan a hancina, raina ya ɓaci kamar jiya aka yi.

A lokacin aikin tafinta nake yi. Mutanenmu masu zuwa Masar neman magani ni nake tarbarsu, in kai su gaban likita, in juya musu Larabci zuwa Hausa. 'Yan Nijar kuwa in haɗa musu da Faransanci idan buƙata ta taso. Kafin nan na zauna a Dakar, na zauna a Jidda, na yi shekaru a Sudan. A Sudan ɗin ne, a wani ƙauye a bakin kogi, na san wani masunci Bahaushe, irin Hausawan nan da kakanninsu suka taso aikin hajji da ƙafa, tafiya ta tsaya musu a hanya, suka kafa gida suka hayayyafa. Mutum ne marar yawan magana. Da zama ya yi tsanani a can sai ya kwaso iyalinsa ya zo Alƙahira, ya kama ɗaki a unguwar talakawa, ya koma gyara wa masuntan Masar taru. Allah ya sake haɗa mu, zumunci ya ɗore. 'Yarsa ta fari Kawu take ce mini.

Yarinyar nan a ruwa ta tashi. Ubanta yakan ce ta iya iyo tun kafin ta iya sallama. Wata rana taru ya maƙale a ƙarƙashin wani kwale-kwale, maza suna ta shawara, ita kuwa ta faɗa ruwa da rigarta ta kwance shi, ta dawo gaɓa tana yanka igiyar ruwa kamar ba komai. Wani tsohon mai horar da 'yan ninƙaya yana zaune a bakin kogi yana shan shayi, ya ga komai. Masarawa duk mai horarwa Kabtin suke ce masa, mu ma haka muka riƙa kiransa. Ya bi uban har gida, ya yi ta zarya, har uban ya yarda ya horar da ita.

Ya kamata mai karatu ya san cewa a Masar iyon dogon zango ba wasan yara ba ne. Yadda muke girmama gwanin kokawa ko na dambe, haka suke girmama wanda zai shiga ruwa da safe bai fito ba sai bayan azahar. Na ga 'ya'yan masunta a Dakar suna tsere cikin teku, na ga mazajenmu suna nutso a Argungu. Amma mace Bahaushiya da aka rubuta wa lamba a dantse, ta jeru da 'yan gasa ana jiran busa, ban taɓa gani ko ji ba kafin ita. Shekaru ta yi tana tashi da asuba, ta hau jirgin ƙarƙashin ƙasa, ta je inda Kabtin ya roƙar mata alfarmar shiga ruwa kafin masu wurin su iso. Ba ta da katin kowane kulob, kuma a can wanda ba shi da katin kulob ko kifi ne shi ba a san da zamansa ba.

Sai ga dama ta zo. Za a yi babbar gasa a Nilu, a zagaya tsibirin Zamalek sau da yawa, kuma a shekarar an buɗe ƙofa ga kowa. Wani babban kulob ya yi alkawarin duk macen da ta zo cikin ukun farko zai ba ta katinsa, ya sa ta cikin tawagar da yake fita da ita ƙasashen waje. Shekarun yarinyar sun kusa kai gaɓar da kulob ba ya ƙara ɗaukar sabon hannu. Kabtin ya faɗa mata gaskiya, ya ce ko bana, ko shi ke nan.

To, a nan mutanenmu suka shigo labarin.

Muna da wata ƙungiya ta Hausawa mazauna Alƙahira. Shugabanta wani hamshaƙin ɗan kasuwa ne, mai babban gida a Zamalek, mutumin da babbar rigarsa takan riga shi shiga ɗaki. Idan an yi Sallah a gidansa ake taruwa. Manya a kan kujerun falo, ɗalibai a kan kafet, Hausawan Sudan kuwa can kusa da ƙofa inda ake tuɓe takalma. Ba wanda ya taɓa cewa su zauna a nan, amma ba wanda ya taɓa cewa su matso. A ɗaya daga cikin irin waɗannan tarurruka, abokina masunci ya durƙusa zai gaishe shi, sai shugaban ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Malam, an ce 'yarka tana tuɓewa a gaban Larabawa."

"Ranka ya daɗe, iyo take yi."

"To, mu dai a wurinmu ba a san wannan ba. Amma da yake ku mutanen Sudan ne, wataƙila taku al'adar daban."

Aka yi dariya irin wadda ake yi wa mai gida ko bai ba da dariya ba. Ni kuwa ina zaune ina tuna cewa makonni kaɗan kafin nan ni na kai 'yar shugaban wurin likitan kunne, likita ya ce ruwan wurin iyon makarantarsu ta unguwar Ma'adi ne ya shige mata. 'Ya'yan rabin mutanen falon nan a wannan ruwan suke wanka duk mako. Bambancin kawai shi ne nasu akwai katanga, kuma ana biyan kuɗin makaranta da kuɗin waje. Ashe laifin ba a ruwan yake ba, a talaucin mai shiga yake. Kayan iyon yarinyar ma baƙaƙe ne, sun sauko har gwiwa, sun fi na 'ya'yansu rufe jiki nesa ba kusa ba.

Ana saura 'yan kwanaki gasa, wata jaridar wasanni ta buga hoton yarinyar, ta ce ga wata 'yar asalin Najeriya da ake tsoron za ta ba 'yan kulob kunya. Aka kuma ce gidan talabijin zai ɗauki ƙarshen gasar. Kafin rana ta faɗi, "ku mutanen Sudan" ta koma "'yarmu ta cikinmu". Na ga sauyin launi a duniya, na ga 'yan siyasa a ƙasa fiye da ɗaya suna sauya hula, amma ban ga wanda ya kai mutanena sauri ba.

Aka kira taron gaggawa. Abin da muka fi iyawa muka fara da shi, wato kafa kwamiti. Kwamitin tarba, kwamitin abinci, kwamitin anko. Hajiyar shugaban ta fito da atamfa da ta ajiye tun wani biki da aka fasa, shuɗiya mai zanen fitila, aka raba wa mata, aka ware turmi guda aka ce na rufe gwanar ne idan ta fito. Duk wannan hidima ba wanda ya taka zuwa gidan yarinyar, ba wanda ya tambayi uban ko Kabtin me ake buƙata. Na tabbata da za a ce wa rabinsu su faɗi sunanta da an sha kallo.

Na ɗaga hannu na ce ina da magana. Na bayyana musu cewa wannan wasa yana da doka guda da ta fi kowace tsanani. Daga lokacin da aka busa har ɗan gasa ya mari allon da aka rataye a ƙarshen zango da tafin hannunsa, ba mai taɓa shi, shi ma ba ya taɓa jirgi. Ko ruwan sha a bakin doguwar sanda ake miƙa masa. Idan wani nasa ya taɓa shi ko da yatsa ne, an fitar da shi. Na ce su tsaya a gaɓa, idan ta mari allo ta hau matakala, su lulluɓe ta da turmi goma in sun so.

Shugaban ya yi murmushi ya ce, "Malam tafinta, kai dai ka iya juya magana. Wannan ai dokar Larabawa ce. Mu muna da tamu. 'Yarmu ba za ta bayyana a talabijin kai ba ɗankwali ba."

Hajiya ta ce, "Ni da hannuna zan rufa mata asiri. Uwa ai uwa ce."

Na sake maimaitawa, na ce bayan allo, don Allah bayan allo. Shugaban ya ce, "In sha Allahu." Na ji in sha Allahu iri-iri a yawona, ta Jidda da ta Khartum da ta direbobin tasi na Wustul Balad, tsakiyar Alƙahira. Tasa ta ranar ma'anarta in yi musu shiru.

Ranar gasa tun da sanyin safiya muna bakin ruwa. Kowane ɗan gasa yana da ɗan kwale-kwalen rakiya. A namu uban ne yake tuƙi da filafili, Kabtin a gaba da agogonsa, ni kuma aka ba ni sandar miƙa abinci, don yarinyar ta ce, "Kawu, kai ne mai dogon hannu, kuma kai kaɗai ne ba ka rawar jiki." An shafe mata kafaɗu da wuya da wani mai mai kauri saboda sanyin ruwa da gogar fata. Ta yi addu'a, ta shafa, ta sa tabaranta na ruwa. Daga 'yan ƙungiya ko ƙyallin hula ban gani ba. Ai talabijin sai ƙarshe.

Wanda bai ga iyon dogon zango ba zai zaci akwai abin kallo. Babu. Hannu ne yake fita ya koma, ya fita ya koma, tun rana tana da daɗi har ta koma wuta. Idan an bi ruwa da sauƙi, idan an juyo ana fuskantar igiya sai ka ga mutum yana ta aiki amma gadar da ke gabansa ta ƙi matsowa. Lokaci-lokaci Kabtin ya yi fito, ta tsaya tana taka ruwa, in miƙa mata kofin shayi mai zuma a bakin sanda, ta kurɓa ta saki. Wani zagayen na ga leɓɓanta sun yi fari, na ce mata, "'Yar nan, da sauran ƙarfi?" Ta ce, "Tamam, lafiya lau, Kawu. Ka dai ja sandarka, kada ka jawo mini." Ko a cikin wannan wahala dokar tana ranta. Uban kuwa, duk inda igiya ta yi ƙarfi yakan karkata kan kwale-kwalen kaɗan, ita kuma ta bi, don tun tana ƙarama haka suke magana a ruwa. Aka fara tsamo maza majiya ƙarfi ana kwantar da su a jirgi, ita tana nan. Da aka shiga zagayen ƙarshe mace ɗaya ce kawai a gabanta, ta uku kuwa tana can baya ba a ko hango ta. Kabtin, tsoho da furfurarsa, ya fara share ido yana cewa yalla, yalla, wato maza-maza, a hankali kamar mai lallashin jariri.

Sai muka ji kiɗa.

Jirgin shaƙatawa ne mai inji, irin wanda ake haya don biki, an cika shi da shuɗin anko da manyan riguna. Sun ci abincin rana sun ƙoshi, sun zo ɗaukar rabonsu na nasara. 'Yan sandan ruwa sun killace wurin, ba a barin kowane jirgi ya shiga. Amma daga baya na ji yadda aka yi. Shugaban ya miƙe da rigarsa mai aiki har ƙasa, ya ce su ne tawagar mai lamba kaza, iyayenta ne. Ɗan sandan ya ga riga ya zaci wani jakada ne, ya sara masa, ya ce bismilla ya Basha. Har da wani ƙyalle suka ɗaure a jikin jirgin da lambarta a rubuce ɓaro-ɓaro.

Na miƙe ina ɗaga musu sanda ina cewa su tsaya. Suka ɗago mini hannu suna murna, sun zaci gaisuwa ce. Mata suka rangaɗa guɗa. Jirgin ya yanko ta tsakaninmu da ita, daidai inda kyamarar talabijin take kallo. Tsakaninta da allo bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Hajiya ta leƙo daga bakin jirgi, ta warware turmin atamfar nan, ta watsa mata shi a ka kamar mai jefa taru.

Duk wanda ya taɓa wanki ya san nauyin atamfa idan ta sha ruwa. Zanin ya manne mata a fuska, ya naɗe mata hannu. Mutumin da ya wuni yana iyo numfashinsa a ƙirge yake, ba shi da na ajiya. Muka ga kanta ya nutse, shuɗin zane yana yawo a sama. Hajiya ta firgita, ita da wata suka duƙa suka cafko wuyan hannunta suna ja, suna salati. Yarinyar ta fizge, ta yi ƙasa, ta ɓullo ta gefen zanin, ta yi 'yan hannuwan da suka rage, ta mari allo. Ita ce ta biyu. Amma alƙalin da ke tsaye a kan dandamali ya riga ya ɗaga jan ƙyalle.

Kabtin ya yi faɗa har muryarsa ta dushe. Ni ma na zuba duk Larabcin da na tara a rayuwata, na ce waɗannan mutane ba da mu suke ba, ba ta san da zuwansu ba. Babban alƙalin ya saurare mu, ya nuna ƙyallen da ke jikin jirgin. Ya ce da baƙi ne suka faɗo mata da an duba, amma waɗannan da bakinsu suka ce su ne tawagarta, ga lambarta a jirginsu, kuma kowa ya ga sun riƙe ta. Ya ce ma'alish, wato a yi haƙuri. Kalmar nan Masarawa suna faɗinta idan an taka maka ƙafa, suna faɗinta idan gidanka ya rushe. Shekarun da aka yi ana ce mata ba tamu ba ce ba su cuce ta ba. Yini ɗaya da aka ce tamu ce shi ya kashe ta.

Ta hau matakala da ƙafarta, ta zauna a ƙasa. Ba ta yi kuka ba. Hajiya ta matso, ankonta ya jiƙe har ƙirji, tana cewa, "Sannu 'yata, ai Allah ya rufa asiri." Yarinyar ta ɗago ta dube ta, ta ce, "Hajiya, tun safe nake cikin Nilu bai ci ni ba. Saura kaɗan zaninki ya ci ni."

Shugaban ya gyara riga ya ce ai ba komai, kofi ba ya bin mutum kabari, mutunci ya fi. Sannan ya waiwaya yana neman mai hoto. Wallahi sai da aka ɗauka, suna tsaye a bayanta suna murmushi, ita tana kallon ƙasa. Uban kuwa ya koma kwale-kwale, ya sa filafili ya tsamo zanin, ya matse shi tsaf, ya ninke, ya zo ya durƙusa ya miƙa wa Hajiya da hannu biyu. Ya ce, "Ga kayanku. Allah ya saka." Daga ranar bai sake taka gidan Zamalek ba. A taron ƙungiya na gaba an yi doguwar magana a kan wariyar da Larabawa suke nuna wa baƙar fata. Wariya kam akwai ta, na sha ta a ƙasashe da dama. Amma ranar nan ba Balarabe ne ya jefa zane ba.

Katin kulob bai samu ba. Wadda ta zo ta huɗu ita aka ɗauka a gurbinta, ita ta hau jirgin sama. Yarinyar ta ci gaba da shiga ƙananan gasa a tekun Iskandariyya inda ba a tambayar kati, ta ci wasu, amma ƙofar da take nema ta rufe. Daga baya Kabtin ya sama mata aikin koyar da yara iyo a wani wuri a Ma'adi. A hankali sunanta ya bazu, musamman a wurin iyayen da suke son mace ta koya wa 'ya'yansu mata. 'Yan matan Sudan da na Najeriya da na Nijar da dama a hannunta suka fara shiga ruwa, wasu har sun yi gasa da katin da ita ba ta samu ba.

Shekaru bayan haka, gab da zan bar Masar, na je yi mata sallama. Na tarar da ita a bakin ruwa da usur a wuya, yara suna ta facal-facal, iyaye suna zaune a kujeru. Ina dubawa sai ga Hajiya, ta ƙara jiki, ta kawo jikarta. Ina jin ta tana gaya wa wata Balarabiya da ke kusa da ita cewa malamar ai 'yarsu ce, su suka raka ta babbar gasar Nilu. Jikar tana ta ƙoƙarin kaiwa ƙarshen ruwan a karon farko, tana haki, tana shan ruwa. Saura kaɗan ta kai, Hajiya ta zabura da tawul a hannu ta nufi baki. Malamar ko juyowa ba ta yi ba. Ta ce, "Hajiya, zauna. Bari ta taɓa bango tukuna." Hajiya ta tsaya, ta dubi tawul ɗin hannunta, ta koma ta zauna. Jikar ta taɓa bango da kanta.

Abin da wannan al'amari ya koya mini shi ne, mai zaginka daga nesa ba shi ne abin tsoro ba, don shi a gaɓa yake, kai kana ruwa. Abin tsoro shi ne wanda bai san wahalarka ba, bai tambayi dokar aikinka ba, ya hango nasara ta kusa ya taho da gudu zai taimaka. Tun daga ranar, idan na ga mutum yana gab da kai gacinsa, komai ƙaunar da nake masa, nakan riƙe zanina a hannu har sai ya taɓa allo.